Kanwar da Na Jiƙa wa Jatau

Ejan ɗin da ya yi mini hanyar Kuala Lumpur ya rantse mini cewa makarantar koyon kiwon dawaki zan shiga, mai barga da filin kilisa da likitocin dabbobi. Da na iso sai na tarar da wasu ɗakuna a saman shagon gyaran waya a unguwar Setapak, da kujerun roba da farin allo. Na zagaya bayan ginin ko hancina zai kamo warin barga, ban samu komai ba sai kwandunan shara da kyanwoyi. Matar da ke ofis ta karɓi fasfona ta saka a durowa, ta ce Turanci za mu fara koya tukuna, maganar doki sai nan gaba. Na kira ejan, wayarsa ta shiga sau ɗaya. Daga ranar ba ta sake shiga ba.

Sunana Rabi'u. A barga na tashi, a wani gari can gabas da Kano, inda Babana yake kiwon dawakin sukuwa. Tun kaina bai kai cikin doki ba nake yanka harawa ina kwashe turke. Ban iya lissafi ba, ban iya kasuwa ba, amma in doki ya yi atishawa a bayan katanga zan gaya maka abin da ke damunsa. Wannan kaɗai na kawo ƙasar mutane, sai ga ni a unguwar da ko jaki babu.

Watannin Setapak ba na son tuna su. Ɗaki ɗaya muke da wasu samari 'yan kudu, su kwana da rana, ni in zauna bakin taga ina kallon ruwan sama, don a garin nan kusan kullum da la'asar sai an yi. Abincinsu akwai zaƙi a inda ba a sa zaƙi. In na ji jiniya sai in janye daga bakin tagar, saboda fasfona ba ya hannuna, kuma na ga yadda ake tare baƙaƙe a bakin tasha ana tambayar takarda. In Baba ya kira ya ce, "To, yaya dawakin nasu?" sai in ce masa muna kan karatun littafi ne. Ina ajiye wayar in ji kamar in fasa ihu.

Wata Juma'a bayan masallaci na shiga wani shagon mamak, irin gidajen abincin Indiyawa Musulmi da ba sa rufewa. Ina waya da ƙanwata sai na ji an dafa kafaɗata.

"Kai, ɗan'uwa, Hausa nake ji? Tun yaushe ka shigo? Ka yi makan kuwa?"

Ban san makan cin abinci ba ne, na ɗauka sunan wata takarda ce da ban yi ba. Mutumin ya yi dariya ya ja kujera. Malam Auwalu ke nan, Bakano, yana karatun digiri na uku a fannin injiniya, yana zaune da iyalinsa a unguwar Cheras. Ya saurari labarina har ƙarshe bai katse ni ba.

"An yi scamming ɗinka, wannan clear ne," ya ce. "Amma ba kai ne na farko ba. Tashi mu je gida, Sa'a ta yi ɗanwake."

Na ci ɗanwaken Anti Sa'a ina sunkuyar da kai don kada yaransu su ga hawayena. Su kuwa yaran, ka yi musu Hausa su amsa da Turanci, uwarsu na ta yi musu faɗa. Tun daga ranar gidan ya zama wurin zuwana. A benen da suke akwai wani dattijo Ba'indiye da ake kira Ankul Mani, shi ne shugaban masu kula da dawaki a wata barga kusa da filin sukuwa, can gefen birni. Malam Auwalu ne ya haɗa mu, amma sai da ya ja mini kunne a kan matakala.

"Rabi'u, ka ji ni da kyau. Student pass ɗinka bai ba ka damar aiki ba, in aka kama ka ba ni da abin da zan iya yi. Kuma wurin nan caca ake yi. Ka tsaya wajen doki, kada ƙafarka ta taka wajen betting."

Na ce masa ni ko kallon tagar cacar ba zan yi ba. Da a ce a cikin kogi bargar take, da na shiga.

Mai horar da dawakin bargar wani Basine ne siriri, Mista Tan, wanda ya yi zaman Ostireliya shekaru. Bai tambaye ni takarda ba. Ya miƙo mini ragama ya nuna ɗaki na ƙarshe, ma'aikata suka bar aikinsu suka taru suna kallo, na gane gwaji ne. A ciki akwai wani jan ingarma mai farin goshi, dogo, ƙirjinsa kamar ƙofar rumbu, kunnuwa a kwance yana jiran wanda zai ciza. Ban shiga ba. Na tsuguna a bakin ƙofa na ba shi gefena, ina yi masa 'yar muryar da Baba yake yi wa sabon doki, har ya gaji da fushi ya miƙo hanci. Sunansa na sukuwa wani dogon Turanci ne da harshena ya ƙi ɗauka. Na sa masa Jatau, kafin wata ya ƙare har Ankul Mani haka yake kiransa.

A kwanakin farko na lura da abin da ya ɗaure mini kai. Ina wanke wani doki na sunkuya, na ga babu komai. Na duba na kusa da shi, haka. Na bi bargar ɗaki ɗaki, duk mazan an dandaƙe su, in ban da Jatau. A garinmu rago ake dandaƙewa, da bunsuru, da sa. Doki kuwa, ko a mafarki ban taɓa ganin wanda ya yi masa haka ba. Na je wajen Ankul Mani ina ta nuni da hannu, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Mista Tan ne ya warware mini, wata la'asar da ruwa ya tsare mu a rumfa yana shan shayinsa mai madara. A lokacin Turancina ya fara kama ƙasa.

"A nan ba ma kiwo, sayowa muke yi," ya ce. "Babu goɗiyoyin da za a kai masa. To me zan yi da ingarma? Ya ci abinci, ya ciji mutane, ya tsaya yana haniniya a bakin layi maimakon ya yi gudu. A ƙasar nan dandaƙaƙƙe ya fi shi daraja."

Na ce to ai sai a mayar da shi inda aka haife shi, ya yi 'ya'ya.

"Ostireliya? Su tambaya ɗaya suke yi: ya yi wuta tun yana ɗan shekara biyu, a gajeren zango? Naka sai da ya girma ya gane me ƙafa take yi. Ba za su ko buɗe masa ƙofa ba." Ya kurɓi shayi. "Japan suna son mai dogon numfashi, wannan yana da shi, amma sai ya ci manyan gasa a gaban idon duniya. Turawan Ingila kuwa takardar kakanninsa za su fara karantawa, in ba su ga sunan da suke so ba, ko leƙa ɗakin ba za su yi ba. A Amurka kuma lissafinsu nawa 'ya'yansa za su yi a gwanjo tun ba a sa musu sirdi ba. Doki ɗaya ne, lah," ya ce, da 'yar kalmar nan da mutanen ƙasar ke liƙa wa magana, "amma kowace ƙasa da abin da take gani. Ku fa, yaya kuke yi?"

Na ce mu Baba zagaya doki yake yi. Ya dubi goshi, ya dubi ƙirji da inda gashi ya murɗe, ya sa a ja shi ya ga takunsa, ya tambayi wa ya taɓa hawansa. In kuma maƙwabci na da goɗiya yana son iri, sai ya kawo ta da goro, a yi masa barbara ya tafi.

"Goro kawai? Kyauta?"

Na ce ai abin kunya ne mutum ya karɓi kuɗin wannan. Mista Tan ya ƙware da shayi, sai da Ankul Mani ya bubbuga masa baya. Mista Tan ya ce a ƙasashen da ya lissafa, kuɗin barbara shi ne dokin, da shi ake auna komai. Raina ya ɗan ɓaci.

Abin da ya sa aka bar Jatau da mazantakarsa shi ne mai shi, wani ɗan kasuwa da ban taɓa gani ba sai a waya, yana ta fatan wani zai saye shi don iri. Haƙurinsa ya zo ƙarshe a daidai lokacin da na saba da dokin. Ya ce in ba a samu mai saye ba kafin ƙarshen zangon sukuwa, a kira likita a dandaƙe shi, a sayar wa makarantar koya wa yara hawa. Ranar da Ankul Mani ya gaya mini, tuwon da Anti Sa'a ta zuba mini a kwano haka na mayar mata da shi. Tun daga nan kullum na sunkuya wanke masa ciki sai in tuna da zancen likitan.

Sai Allah ya kawo Pak Haji, wani dattijo daga tsibirin Sumatra, gajere, da baƙar hula da carbi. Shi bai nemi takarda ba. Ya zagaya Jatau, ya ɗaga kofato, ya buɗe baki, ya sa na ja shi gaba da baya, har ya shafa inda gashi ya murɗe a wuyansa. Na ji kamar Baba ne ya sauya fata. Da ya ji sunana ya yi mini sallama cikakkiya, ya riƙe hannuna ya daɗe. Mista Tan ya fassara mini cewa a wajensu irin waɗannan dogayen dawakin suke haɗawa da ƙananan goɗiyoyin ƙauye, a sami 'ya'ya masu gudu da juriya. Manoman da za su kawo goɗiyoyinsu ba ruwansu da kakanni. Abin da za su tambaya shi ne, ya ci sukuwa a ƙasar waje, kuma wa ya gani da idonsa?

"Saboda haka zai dawo ranar Lahadi ya kalla da kansa," in ji Mista Tan. "In Jatau ya shigo cikin na gaba, ya saya. Ya ce kuma kai ma yana so, da takardar aiki ta gaskiya, tunda dokin ba ya yarda da kowa."

Na fita bayan barga na yi sujada a kan jiƙaƙƙen siminti.

Ana saura kwanaki kaɗan sai Jatau ya fara yanga da abinci. Ya shinshina ya kau da kai. Zafin garin mai ɗanko ne, gumi ba ya bushewa, gashinsa ya dushe, fitsarinsa ya yi duhu. Likitan barga ya duba ya ce ba ciwo ba ne, a ƙara masa fanka. Ni kuwa barci ya ƙaurace mini. Na kira Baba na kwatanta masa komai.

"Yaushe rabonsa da kanwa?"

Na ce ban taɓa ganin an ba shi ba.

"Doki ba kanwa? Kai Rabi'u, a hannun wa ka tashi? Su ba su sani ba, kai ma ba ka sani ba? Nemo jar kanwa ka jiƙa masa da dusa. Ranar sukuwa kuma da asuba ka yi masa mai kauri, yadda muke yi, ba zai san gajiya ba."

Kunya ta kama ni, don gaskiya ya faɗa. A bargarmu kanwa kamar ruwa take, ba a ma lissafa ta cikin magani. Amma ina zan ga kanwa a Kuala Lumpur? Na hau jirgin ƙasa zuwa Cheras ina ta saƙe-saƙe, na tarar da Anti Sa'a a kicin.

"Kanwa? Ta doki?" Ta yi dariya. "Ikon Allah, mu muna rowarta a ɗanwake, kai za ka ba doki." Ta jawo wata roba daga saman kabad, ta kwance ƙullin leda. Dunƙule ne babba, ja, wanda mahaifiyarta ta aiko mata da shi ta hannun wani ɗalibi. "Ita ke nan ta rage mini, sai wani ya zo daga gida. Ɗauki duka lah, in dai za ta raba ka da wannan ramar da kake yi. Mu sai mu yi amfani da baking soda."

Ban ɓoye wa kowa ba. Da safe na kai wa Ankul Mani na ce gishirin garinmu ne, muna ba dawaki, muna kuma sawa a miya. Ya gutsura ya lasa, ya yamutsa fuska. A kowane ɗaki dama akwai dunƙulen gishiri a rataye da dawakai ke lasa, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Boleh," wato babu laifi. Na jiƙa kaɗan na kwaɓa da dusa. Jatau ya shinshina, ya ɗaga leɓe sama, sai ya sa kai ya share bokitin tas. Kafin kwana biyu yana cin abincinsa yana neman ƙari, yana shan ruwa sosai, gashinsa ya dawo yana ɗaukar ido. Mahayin da ya fita da shi kilisa ya dawo yana yarfe hannu, ya ce da ƙyar ya riƙe shi. Har Mista Tan ya dafa ni ya ce ko me nake yi in ci gaba. Bai tambaya ba, ni ma ban ga abin faɗa ba.

Ranar Lahadi da asuba na yi wa Jatau mai kauri, yadda Baba ya ce. Na san dokar ranar sukuwa: ba allura, ba ƙwaya, ba komai sai abinci da ruwa. Ko kusa ban kawo kanwa cikin wannan ba. Abin da uwata ke jefawa a miyar kuka, ta yaya zai zama ƙwaya? Na ma ƙara masa a kan yadda muke yi a gida, don na ga ya fi dawakinmu girma. Na tsefe masa geza, na shafe kofatansa da mai, na karanta masa abin da ya sawwaƙa a goshi.

A filin, kafin a fita, akwai rumfar da likitocin hukumar sukuwa ke ɗibar jinin dawaki. Na sha ganin ana yi, ban taɓa damuwa ba. Suka ɗiba, na ci gaba da zagayawa da shi a inuwa. Daga nesa ina hango Pak Haji a jikin shinge da baƙar hularsa, ya ɗago mini hannu. Damuwata ta gudun ce kawai: ko zai tashi da kyau, ko mahayin zai matse shi a kwana. An fara ɗaura wa sauran dawakin sirdi, namu shiru. Sai na ga wani ma'aikaci da riga mai ɗaukar ido ya zo ya yi wa Mista Tan magana a kunne, suka tafi tare. Lasifika ta yi magana da Malayanci, ta maimaita da Turanci, na tsinci dogon sunan Jatau a ciki. 'Yan kallo suka yi wata irin ƙara. An cire shi daga sukuwar.

Mista Tan ya dawo fuskarsa ba jini. Da muka mayar da dokin barga, ya tara mu.

"Wa ya ba shi soda?"

Kowa ya dubi na kusa da shi. Ni ma haka, da zuciya ɗaya, don ban san wata soda ba sai ta kwalba. Ankul Mani ne ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya shiga ɗakin ajiya ya fito da ragowar dunƙulen a tafin hannunsa. Mista Tan ya lasa ya tofar. Ya zauna a kan buhun abinci.

Ya yi mini bayani a hankali, da muryar da ta fi ihu ciwo. Ya ce akwai wata tsohuwar cuta da macuta ke yi a duk ƙasar da ake sukuwa: su ɗura wa doki soda kafin gudu, don ta kashe tsamin da ke taruwa a jijiya, doki ya daɗe bai gaji ba. Saboda ita ake ɗibar jini. Dutsen nan nawa kuwa soda ce tsantsa.

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Wace irin cuta? Ai mu ma don kada ya gaji muke ba shi! Kowa yana ba nasa, a fili, a gaban jama'a!"

"To ka ji," ya ce. "Abin da zan gaya wa alƙalai ke nan? Cewa don kada ya gaji aka ba shi?"

Na ce ya kai ni gabansu in yi musu bayani da bakina, in kira Baba a waya ya shaida, in kawo Anti Sa'a da tukunyarta. Ya girgiza kai. Ya ce a dokarsu duk abin da ya shiga cikin doki laifin mai horarwa ne, ko wa ya ba shi. In kuma na bayyana, tambayar farko da za su yi ita ce wane ne ni, ina takardar aikina, daga nan sai gidan tsare baƙi. "Kai ba ka taɓa zuwa bargar nan ba," ya ce. Ya tafi shi kaɗai ya karɓi tara da dakatarwa a kan abin da bai sani ba. Har yau in na tuna sai in rasa inda zan sa kaina.

Pak Haji ya zo da yamma. Na tare shi tun daga ƙofa, ina haɗa Turanci da Larabcin sallah da nuni, ina rantsuwa. Ya bar ni na gama. Ya ce ya yarda da ni, su ma a ƙauyensu akwai abubuwan da tsofaffi ke ba doki. Amma an faɗi sunan dokin a lasifika, akwai 'yan garinsu a cikin 'yan kallo, labarin zai riga jirgin ruwa isa. Za a ce duk gudun da ya taɓa yi na magani ne. Manomi ba zai jawo goɗiyarsa daga wani ƙauye ya kawo wa dokin da ake zargi ba. Ya shiga ya shafa goshin Jatau, ya fito ya riƙe hannuna da hannu biyu ya yi mini addu'a. Na bi bayan motarsa da ido har ta fita ƙofa.

Na roƙi Mista Tan ya roƙi mai dokin. Na ce a jira wani zangon, na ce zan yi aiki ba lada, na ce ko a bar shi haka a sayar wa makarantar yaran. Ya ce babu makarantar da za ta ɗora yaro a kan ingarma, kuma mai shi ya riga ya kira likita. Malam Auwalu ya zo har barga ya zauna da ni a kan benci, ya ce, "Ka yi haƙuri, Rabi'u, ba intentional ba ne, Allah ya sani." Anti Sa'a kuwa da ta ji kuka ta yi, tana cewa da ta sani da ta ce ba ta da ita. Baba ya yi ta kira tun ranar Lahadin. Ban ɗauka ba. Me zan ce masa? Shi ya ce in ba shi, kuma a duk rayuwarsa bai taɓa faɗa mini abin da ya cuci doki ba.

Mista Tan ya ce dole in bar bargar kafin masu bincike su fara zagaye, amma yana neman alfarma ɗaya. Jatau ba zai tsaya wa allura a hannun kowa ba. In ba ni ba, sai an ɗaure shi da igiyoyi an kayar, kuma yana iya karya ƙafa. Na ce ba zan iya ba. Na je bayan barga na zauna. Da na ji motar likita ta tsaya, na tashi na ɗauki ragama.

Jatau ya ga baƙo da jaka ya kwantar da kunne, ya fara tono da ƙafa. Na yi masa muryar nan, na sa goshina a wuyansa, ya tsaya cak saboda ni ne. Allurar ta shiga. A hankali kansa ya yi nauyi ya sauko, har ya ɗora shi gaba ɗaya a kafaɗata, leɓensa na rawa, numfashinsa mai ɗumi na shiga cikin rigata. Na juya wa likitan baya. Ina jin ƙarar ƙarafa a cikin tasa, ina jin Ankul Mani na miƙa ruwa. Na so in yi masa magana, na rasa abin faɗa sai sannu, sannu Jatau, sannu. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai ji likitan ya cire safar hannu ya ce an gama, ya yaba mini, wai bai taɓa ganin ingarma ya tsaya lafiya haka ba.

Ya ce daga gobe a riƙa jan shi yana tafiya safe da yamma, kada wurin ya kumbura. Mista Tan ya dube ni, ya ce in ƙara kwana ɗaya.

Washegari na fito da Jatau bayan an ɗauke ruwa. Yana tafe yana buɗe ƙafafun baya, kansa a ƙasa, igiya a sake tsakaninmu. Mun kai wajen bishiyoyin da ke ƙarshen barga sai wayata ta fara ruri a aljihu. Na san Baba ne, yana so ya ji ko mun ci, ko an sa ranar haye teku, ko goɗiyoyin can suna da kyau. Na tsaya na sa hannu a aljihu, Jatau ma ya tsaya ya jingina kansa a bayana. Na fitar da hannun babu wayar. Na ja igiyar muka ci gaba, don likita ya ce kada a bar shi ya daɗe a tsaye.